Man Gansakuka: Ina Rabon 'Yan Kasuwar Arewa?

Duk mai sana'ar mai a kasuwannin Dogondutsi da Tibiri ta san man gyaɗa da manja. To, yau ga wani mai da Turawa ke tatsa daga dangin gansakuka, ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya ganin ƙwayarsu ɗaya. Ana ce wa sinadarin cikinsa DHA, mai taimaka wa ƙwaƙwalwa da idon jariri. Kifin teku ma daga waɗannan tsirrai yake samunsa.

Harkar ta manyan kuɗi ce. Tun 2002 ake zuba man a madarar jarirai a Amurka, kuma a 2011 kamfanin DSM na Holan ya sayi Martek, mai yin man, a kan dala fiye da biliyan 1. A cikin manyan tukwanen ƙarfe ake kiwon tsirran, ana ciyar da su sukari. Ke nan bai zo ya ture man gyaɗarmu daga tukunyar ƙosai ba, domin ɗan kaɗan ake sha, kamar magani. Mu kuma ba mu da jarin kafa irin wannan masana'anta.

Rabonmu yana kusa da gida. A Kanem ta ƙasar Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna tace wani koren tsiro mai suna sifirulin daga tabkunan kanwa, su shanya a kan yashi, su kai kasuwa da sunan dihe, a sa a miya. Mansa kaɗan ne, amma wajen kashi 60 cikin 100 na busasshensa furotin ne mai gina jiki. Abin da yake so shi ne rana, zafi da ruwa mai kanwa. Rana muna da ita, kanwa na zuwa daga Dallol Boso, ruwa kuma ba shi da nisa a fadamar Dallol Mauri. Ƙungiyar mata za ta iya kiwonsa a kwamin siminti in ta samu iri da horo.

Sai dai a yi hattara. Koren da ke taruwa a tabkunanmu bayan damina ba sifirulin ba ne. Wani yana da guba mai lalata hanta. Kada mu kwasa, kada mu sayar. In ɗan talla ya kawo kwalbar "man gansakuka" yana cewa tana maganin kowace cuta, mu kai ta wajen likita kafin mu fid da ko dala.