KIWON LAFIYAR IYALI: Labarin Zuciya A Tambayi Fuska, Har Ta Jariri

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ga alama likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasashen Turai da Amurka sun ɗauki wannan magana da gaske, gama yau fiye da shekara 10 ke nan suna tambayar fuskokin jarirai 'yan wata biyu zuwa shekara guda labarin abin da ke gudana a cikin kawunansu. Abin da suke nema kuwa shi ne alamun farko na lalurar nan da Turawa ke kira otizim, wadda a gidajen rediyo ake fassarawa da galahanga, ko da yake mutane sukan laƙaba wannan kalma ga wasu lalurori dabam waɗanda ba su haɗa hanya da ita ba.

Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins, a birnin Baltimore, ya bayyana ta filla-filla a 1943, bayan ya lura da yara 11 waɗanda ba su damu da cuɗanya da mutane ba, maganarsu ta sha bamban da ta tsararrakinsu, kuma ba sa son a sauya musu abin da suka saba da shi. Wahalar ita ce, galibi ba a tabbatar da lalurar sai yaro ya kai shekara 2 ko 3, sau da yawa ma har ya wuce haka. Kafin nan ƙwaƙwalwa ta riga ta yi nisa da gini.

To, ta yaya za a binciki jaririn da ba a san ko yana da lalurar ba? Dabarar da masana suka yi ita ce bin ƙannen yaran da aka riga aka tabbatar suna da ita. Wani babban bincike da Sally Ozonoff da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya bi irin waɗannan ƙanne 664, aka samu kashi 18.7 cikin 100 sun tashi da lalurar, watau kusan 1 cikin 5. Sai mai karatu ya riƙe ɗaya gefen lissafin da kyau: 4 cikin 5 ba su tashi da ita ba.

A birnin Atlanta, Warren Jones da Ami Klin sun tara jarirai 110, 59 ƙannen masu lalurar, 51 kuma daga gidajen da ba a san ta ba. Akan zaunar da jariri gaban majigi, a nuna masa wata mace tana yi masa wasa kamar yadda uwa ke yi, wata na'ura kuwa tana bin ƙwayar idonsa tana rubuta inda ya kalla: ido ne, ko baki, ko jiki, ko kayan ɗaki. Sau 10 aka auna su tsakanin wata 2 da wata 24. Da aka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2013, sai ya zo da abin da ba a zata ba. Da can ana tsammanin irin waɗannan yara haihuwarsu ake yi ba su da sha'awar kallon ido. Ashe ba haka ba ne. A wata na 2 suna kallon ido kamar kowane jariri. Daga nan ne abin ke ta raguwa sannu a hankali har wata na 6 da bayansa, alhali na sauran jarirai ƙaruwa yake yi. Watau dai abin yana nan tun farko, zubewa yake yi. Amma fa yara maza 11 kawai aka gina wannan kwatanci a kansu, aka gwada su da maza 25 marasa lalurar, kuma gida ba ya tsayuwa da kyau a kan irin wannan ɗan harsashi sai an ƙara masa.

Wani abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne gefen da ido ke faɗawa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kashi biyu ce, dama da hagu, kuma sun raba aiki. Tun cikin shekarun 1860 likitan Faransa Paul Broca ya nuna cewa ga yawancin mutane ɓangaren hagu ke riƙe da furta magana. Ɓangaren dama kuwa shi ya fi gwaninta wajen gane fuska da karanta fushi ko fara'a. Ga shi kuma jijiyoyin gani gicciye suke: abin da ke hagun mai kallo, ɓangaren dama ne ke fara karɓarsa. Saboda haka mutum in ya dubi fuskar wani, idonsa yakan fi karkata ga rabin fuskar da ke hagunsa, ba tare da ya sani ba.

A jami'ar Pittsburgh, Eva Dundas da abokan aikinta sun gwada wannan a kan jarirai 'yan wata 6 da 'yan wata 11, suka wallafa a 2012. Jariran gidajen da babu lalurar, kafin wata 11 wannan karkata zuwa hagu ta bayyana gare su. Ƙannen masu lalurar kuwa ba ta bayyana ba, ko a wata 6 ko a wata 11. A wannan shekarar kuma, a San Diego, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ƙananan yara suna barci ana karanta musu labari, aka ga cewa ga masu lalurar ɓangaren hagu bai amsa magana da ƙarfi kamar na sauran ba, aikin ya fi karkata dama. Ma'anar duka biyun ɗaya ce: rabon aikin nan tsakanin dama da hagu yana bin wata hanya dabam, tun yaro bai iya cewa baba ba.

A nan fa sai a yi hattara. Waɗannan bambance-bambance ƙanana ne ƙwarai, na'ura ce kaɗai ke ganinsu, kuma sai an tara jarirai da yawa an kwatanta rukuni da rukuni. Uwa ba za ta zauna a tsakar gida ta tsura wa jinjirinta ido ta gane wane gefen fuskarta ya fi kallo ba, kuma duk wanda ya ce zai duba mata haka da ido ƙuru-ƙuru, kuɗinta yake so. Ko na'urar EarliPoint da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022, an yi ta ne don yara 'yan wata 16 zuwa 30, kuma a gwajin da aka wallafa a 2023 ta gano kashi 71 cikin 100 na masu lalurar, ta bar sauran. Taimakon likita take yi, ba maye gurbinsa ba.

Har ila yau, kusan duk waɗannan jarirai na Amurka ne da Turai. A ƙasar Hausa yaro mai tarbiyya sunkuyar da kai yake yi gaban manya, kuma jariri yakan yini goye a bayan uwa, yana kallon duniya ta kan kafaɗarta. Kada a ɗauki kunya a ce lalura ce. Amma kuma kada a ɗauki lalura a ce kunya ce, balle a ce ɗan ruwa ne ko aljannu suka musanya shi, maganar da ta jawo wa yara da iyaye mata baƙin ciki mai yawa. Kunya koyonta ake yi bayan an yi wayo. Jariri ɗan wata 9 bai san ta ba.

Amfanin gano abin da wuri ya fara bayyana. A Ostireliya, Andrew Whitehouse da abokan aikinsa sun ɗauki jarirai 103 'yan wata 9 zuwa 14 masu alamun farko, aka koya wa iyayen rabinsu yadda za su lura da ɗan motsin jariri da ɗan sautinsa su amsa masa. A 2021 aka ba da labari: da suka kai shekara 3, kashi 6.7 cikin 100 na wannan rukuni ne suka cika sharuɗɗan lalurar, na ɗaya rukunin kuwa kashi 20.5. Babu allura, babu ƙwaya, wasa ne da hira tsakanin uwa da ɗanta.

Abin da iyaye za su iya gani da idonsu yakan zo ne wajen cikar shekara: yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya gwalan-gwalan, ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, ko kuwa ya fara 'yan kalmomi sa'an nan ya daina. In an ga haka, musamman in wansa ko yayarsa na da lalurar, sai a kai shi wurin likitan yara, a roƙa a fara da auna jinsa, gama kurumta ma takan zo da irin waɗannan alamu.