Mu San Ƙasarmu: Matakalar Jiragen Ruwa ta Kainji

Yau da tambaya za mu fara. Jirgin ruwa ya taso daga Yauri ya nufi kudu, ya wuce Wara a ƙasar Ngaski, sai ya tarar da madatsar ruwan Kainji, bango mai tsayin mita 65. Ta yaya zai sauka kogin da ke ƙasa?

Waɗanda suka gina madatsar tsakanin 1964 da 1968 sun yi wannan tunani. A jikinta suka gina abin da za mu kira matakalar jirage, wato wani dogon kwarin kankare mai ƙofa gaba da baya. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar da ya shigo ta cikinta, a buɗe magudanai ruwan ya riƙa zurarewa. Ruwa na raguwa, jirgi na sauka, har ya daidaita da ruwan da ke gabansa, sai a buɗe ɗaya ƙofar ya wuce. In hawa zai yi, sai a cika kwarin da ruwan tafki. Da wannan dabara ake ɗaga manyan jirage mita 26 a mashigin Panama tun 1914.

Me ya sa aka sha wannan wahala? Kafin madatsar, duwatsun Bussa ne ke tare hanyar kogin Kwara. A nan Bature Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce Yauri. Tafkin ya shanye waɗannan duwatsu, aka yi fatan jiragen kaya za su riƙa tasowa daga bakin teku har garinmu.

Amma ba kyauta muka samu ba. Ruwa ya cinye tsohon garin Bussa da tsibirai da gonakin fadama, aka tashi mutum kusan 44,000, cikinsu har da Gungawa. Yau kuwa albasarmu da kifinmu a mota suke tafiya kudu, ba ta matakalar ba.

Ga aikin wannan mako: mu nemi wani kaka ko wata kaka da suka ga zuwan ruwan, mu tambaye su sunan tsohon garinsu da abin da suka baro can, mu rubuta. Masu wannan labari raguwa suke yi kullum.