Binciken da ya tsira daga yaƙin Khartum, da wanda ya tafi

Ranar da ƙanena ya koma gidanmu na Umbadda, bayan sojoji sun sanar da karɓe jihar Khartum baki ɗaya a watan Mayun 2025, bai tsaya duba katifa ba, bai tambayi keken ɗinkin mahaifiyarmu ba. Ɗakinsa ya wuce kai tsaye, yana neman wata tsohuwar kwamfuta da littattafan rubutu guda huɗu masu baƙin bango. Kwamfutar dai ba a magana. Littattafan kuwa biyu ya tarar, ruwan damina biyu ya bi ta hujin rufi ya manne shafukansu wuri guda. A cikinsu aikin majistir ɗinsa yake, wato digiri na biyu, wanda ya yi ta yawon ƙauyukan Sinnar dominsa yana duba ƙafafun manoma masu ciwon nabit. Ya kare kundinsa kafin yaƙi, aka yi masa barka, aka ɗora kwafi ɗaya a kantar ɗakin karatu. Ko shafi ɗaya bai aika wa wata mujalla ba. Duk lokacin da na tuna masa sai ya ce, "Yaya, bari in huta tukuna."

Ni ba likita ba ne. Malamin kimiyya ne a sakandare, abin da aka koya mini shi ne yadda zan tsaya gaban allo yara sittin su fahimce ni. Amma abin da ya sami ƙanena ya sa na shiga bin diddigin wannan harka ta buga bincike a mujallun ilimi, sai na ga ashe a ƙaramin ma'auni ne ya same shi. Babban ma'aunin yana Soba.

Wanda ya taso a Jazira ko Sinnar ko bakin Farin Nilu ya san nabit, wasu su ce madura, likitoci su ce maisetoma. Ƙaya ce take soke mutum a gona ko wajen kiwo, ƙwayar cutar ta shiga, wurin ya kumbura a hankali ba tare da wani zafi ba, shekara ta zo ta wuce, ya fara tsattsafo da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, har ya ci ƙashi. Da yawa sai an yanke ƙafa. Ciwon talaka ne mai tafiya ba takalmi, shi ya sa 'yan uwanmu na kanabi da na ƙauyukan noma suka san shi fiye da yadda suke so. A 1991 Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken wannan cuta a Soba, ƙarƙashin Jami'ar Khartum, ta zama wadda duk duniya ake kallo a kan maisetoma. Da ƙoƙarin irin su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016.

Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023. Da aka samu damar shiga Soba a 2025, Farfesa Fahal ya shaida wa 'yan jarida cewa an lalata cibiyar, kuma taskar samfuran da aka yi sama da shekara arba'in ana tarawa ta salwanta. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Tsoka da jini da ƙwayoyin cuta da aka ɗebo daga jikin mutanen da wasunsu sun daɗe da rasuwa, babu kuɗin da zai sake sayo su. Firiza ba ta san yaƙi ba, wuta kawai take so. A Umdurman ma ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ya ƙone tun a 2023, da takardun da ba su da kwafi a ko'ina.

To amma ga abin mamaki. A 2024, ana tsakiyar ruwan wuta a Khartum, mujallar Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ta buga sakamakon gwajin maganin da aka fara a Soba a 2017, tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan. Marasa lafiya 104 aka yi gwajin da su, kuma shi ne irinsa na farko a kan wannan cuta, inda aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a, likita da majinyaci ba wanda ya san wane magani ake sha. Sunan Fahal ne a farkon jerin marubutan. Ginin ya lalace, amma wannan maƙala tana nan, likita a Senegal ko Meziko ko Indiya zai buɗe ta yau ya karanta. Haka ma rahotannin ɗakin gwajin Wellcome da aka buɗe a Kwalejin Gordon a 1903, shekarar da aka yi yaƙin Burmi kakanninmu suka kamo hanyar gabas, har yanzu ana karanta su, saboda Andrew Balfour ya tattara ya buga. Abin da ya fita daga aljihun tebur ya shiga mujalla ya tsallake. Abin da aka bari ana jiran a huta, ya bi ruwa.

Wani abu a cikin maƙalar nan ta Soba ya fi burge ni. Sabon maganin, fosrabukonazol, bai fi tsohon ba, wato itrakonazol. Haka suka rubuta ƙiri-ƙiri. Amfaninsa a wani wuri yake: sau ɗaya a mako ake shansa, tsohon kuwa kullum safe da yamma har shekara guda, kuma duk wanda ya taɓa jinyar manomi ya san bambancin da ke tsakanin biyun nan. Ba su iya murɗa sakamakon ba ko da sun so, domin tun kafin a fara sun yi rajistar gwajin a bainar jama'a, sun faɗi abin da za su auna. Mujallar kirki abin da take nema ke nan: a gaya mata abin da aka yi, da yadda aka yi, da abin da aka gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Yanzu bari in dawo kan ƙanena, don ta wurinsa na koyi yadda aikin yake. Allah Ya taimake shi, malamin da ya duba aikinsa yana da kwafin kundin a akwatin imel. Sai ya zauna zai mai da shafi ɗari da wani abu su koma maƙalar da ba ta wuce kalma dubu uku zuwa huɗu ba. Nan ya fara sanin kundi daban, maƙala daban. Kundi ana yi ne don a gamsar da masu jarrabawa cewa ka yi karatu, shi ya sa ake cika shi da tarihin cuta tun daga Madura ta Indiya. Maƙala tambaya ɗaya take ɗauka. Gabatarwa ta ce me ya sa aka yi tambayar, sashen hanya ya faɗi yadda aka bi dalla-dalla har wani ya iya maimaitawa, sakamako ya kawo lambobi ba tare da sharhi ba, tattaunawa ta ce ga ma'anarsu, ga kuma inda aikin ya gaza. A sama kuma a ɗora taƙaitawa ta kalma wajen ɗari biyu da hamsin, wadda ita kaɗai mafi yawan mutane za su karanta. Sau bakwai ya sake rubuta ta, ni ne mai sauraro.

Kowace mujalla tana da shafin ƙa'idojinta ga marubuta, kuma editoci ba sa wasa da shi: yawan kalmomi, yadda za a jera madogara, girman hoto. Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Duk binciken da ya taɓa jikin ɗan Adam sai an kawo shaidar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da lambarsa, da bayanin cewa mutanen sun yarda da bakinsu ko da sa hannunsu. Takardar ƙanena ta asali tana cikin abin da ruwa ya ci. Kwana uku muna haƙa cikin tsofaffin saƙonnin WhatsApp kafin hotonta ya fito, wanda ya taɓa tura wa wani abokinsa yana murna. Ba don wannan hoto ba, da magana ta ƙare a nan. Sannan ba a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda, kuma akwai manhajar da ke bi layi-layi tana gano abin da aka kwafo daga rubutun wani. Wannan ɗabi'a da yaranmu suka saba da ita tun daga sakandare, ta kwashe sakin layi daga intanet a liƙa, mu malamai muna da laifi a ciki, don mun sha ba ta maki.

Mujalla ta farko ko mako ba ta yi ba ta dawo masa da ita, edita bai ma tura wa masu bita ba, ya ce ba fanninsu ba ne. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ana cikin haka sai ga wani imel mai zaƙin baki, ana kiransa babban farfesa, ana cewa za a buga masa cikin kwana biyar idan ya biya dala kaɗan. Wallahi saura ƙiris ya tura ta Bankak a canza masa. Waɗannan su ne mujallun bogi, shaguna ne kawai masu sayar da tambari, ba mai karanta abin da ka aiko. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayensu kafin ya rufe jerin a 2017. Suna samun kasuwa a wurinmu ne saboda ƙarin girma a jami'o'i ya dogara da yawan maƙaloli, ana ƙirga su kamar buhunan dawa, ba kowa ke buɗe buhun ba. Wanda ya zuba aikin shekara biyu a irin wannan wuri bai fi wanda ya bar shi a ɗakin da ke yoyo ba, domin ranar da shafin ya rufe shi ke nan. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya duba ko sunan mujallar yana cikin PubMed ko kundin DOAJ, ko dandalin AJOL na mujallun Afirka, ya kuma tambayi malaminsa.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ban raina ta ba. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a 2021 ga wanda yake son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta. Malamin jami'ar da ya yi watanni bai ga albashi ba, wannan lamba zagi ce a wurinsa. Sai dai abin da da yawa ba su sani ba, manyan mawallafa da dama suna yafe kuɗin ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma Sudan tana cikin jerin. Amma akasari sai ka nema, kuma a lokacin miƙa maƙalar ake nema. Akwai kuma mujallun da ba sa karɓar ko sisi, ga namu na gida irin mujallar kimiyyar likitanci ta Jami'ar Musulunci ta Umdurman. Karatun aikin wasu ma, shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002 yake buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin tamu dubban mujallu. Abin da ba mai yafe maka shi ne wutar lantarki da layin sadarwa. Wanda ya zauna a Umdurman a watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya suka ɗauke gaba ɗaya, ya san yadda ake biyan kuɗin awa ɗaya a gindin Starlink. A irin wannan awa wasu suka tura gyaran maƙalarsu.

Sai Turanci. Yaronmu ya tashi da Hausa a gida, ya yi makaranta da Larabci, ran nan a ce ya shawo kan wani mai bita a Holan da harshe na uku. Ina ganin a nan ne mu Hausawan Sudan muke da wata dama da ba mu amfani da ita. Muna da 'yan uwa a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo waɗanda da Turanci suka yi karatunsu, wasunsu ma a Jami'ar Afirka ta nan Khartum suka fara. Sa'a biyu ta ɗayansu a kan daftarin yaro tana iya raba shi da kunyar edita. Amma a kiyaye: wanda ya gyara Turanci godiya ake yi masa a ƙarshen maƙala, ba a sa shi cikin marubuta. Haka shugaban sashen da ko ƙauyen bai taka ba. Wannan al'ada ta cusa sunan manya don neman albarka, mujallu suna ɗaukarta ha'inci.

Mujalla ta biyu ta tura aikin ƙanena ga masu bita biyu da bai san su ba. Bayan wata uku amsa ta zo, shafi huɗu. Na farko ya kama shi a kan lissafi, kuma da gaskiyarsa. Na biyu ya nemi a ba shi ɗanyen bayanan kowane majinyaci, a kuma sake gwada wasu samfura. Da ya ɗora bayanan nan tun farko a wata ma'ajiyar intanet irin Zenodo, wadda kyauta ce, bayan ya cire sunayen mutane, da minti biyar ya isa. Yanzu rabinsu suna cikin littattafan da suka manne, samfuran kuma suna cikin firizar da ta mutu tun 2023.

Ya tambaye ni ko ya cike gurbin daga abin da yake iya tunawa, tunda ai shi ya auna da hannunsa. Na ce masa a'a. Mun yi musu har bayan isha. Daga baya ya zauna ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, inda ya yarda ya gyara, inda bai yarda ba ya kawo hujja cikin ladabi, ya rage iƙirarin maƙalar ya tsaya kan abin da teburan kundin suke iya ɗauka, ya kuma rubuta a sashen gazawar aiki cewa asalin takardun sun lalace a yaƙi. Ya tura ranar wata Alhamis. Har yau shafin mujallar yana nuna cewa tana hannun edita. Littattafan biyun nan kuwa suna kan tabarma a ɗakina, kullum da yamma yana sa bakin reza yana raba shafi da shafi, wanda ya karantu ya ɗauke shi hoto ya tura wa kansa a imel.