Takardun Neman Zama a Kanada da Shaidar Zur



Ya 'yan'uwana matasa, tun da Kanada ta buɗe tsarin Express Entry a 2015, da yawanku sun duƙufa wajen haɗa takardun neman zaman dindindin: sakamakon IELTS mai aiki shekara 2, tantance digiri, shaidar 'yan sanda, gwajin likita, wasiƙar wurin aiki da takardar banki. Fita neman halal ba laifi ba ne. Takardu biyun ƙarshe su ke damuna.

Wani ya yi aikin wata 8, sai ya roƙi maigidansa ya rubuta shekara 3. Wani ya ranto kuɗi ya zuba a asusunsa ya ce nasa ne, alhali ƙa'idar ta hana kuɗin rance. Mukan kira wannan "dabara", amma a Shari'a sunansa zur. A hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lissafa shi cikin mafi girman kaba'irai. Yana kishingiɗe ya tashi zaune, yana ta maimaitawa. Mai rubutawa da mai miƙawa duk sun yi tarayya a zunubin.

Tun a duniya ma, dokar Kanada tana hana wanda aka kama shiga ƙasar shekara 5, kuma ana iya ƙwace izinin zaman ko bayan an bayar.

Idan makinka bai kai ba, sake jarrabawar, ƙara shekarar aiki, ka yi istihara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, rabonka kuwa ba zai wuce ka ba.

Allah Ya azurta mu da halal, amin.