Masu Yabon Tumbi Ba Su Ke Biyan Kuɗin Asibiti Ba

A ƙasar Hausa har gobe da jikin mace ake auna mijinta. Amarya ta je ganin gida, kafin ta gama gaisuwa gwaggo ta kama damtsenta ta matsa. In ta ji hannu ya cika sai fara'a: "Masha Allah 'yar nan, kin yi ɓul-ɓul, lallai yaron nan ya iya riƙo." In kuwa ta dawo yadda ta tafi, sai a ja ta ɗaki a turo ƙofa: "Faɗa mana gaskiya, abinci ne ba ya ba ki, ko uwar mijin ce?" Namiji ma bai tsira ba. Da tumbi ya fara ɗaga gaban riga an ce Alhaji ya samu, hutu ya zauna masa.

Wannan ma'auni ƙarya yake yi, kuma ƙaryar tana kai mutane kushewa.

Ba daga sama ra'ayin ya faɗo ba. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, Nijar ta sake ɗanɗana yunwa a 2005, sannan da cutar ƙanjamau ta bazu duk wanda ya rame aka shiga kallonsa da wutsiyar ido. Wanda ya ga wannan ba za a zarge shi ba don ya ɗauki ƙiba rumbu ce cike da hatsi. Sai dai su da ƙafa suke zuwa gona, su ja guga, matansu su yi surfe da daka. Mu kuwa da ke birni, injin niƙa ya karɓi taɓarya, babur da adaidaita sahu sun karɓi ƙafa, ga lemun kwalba, ga shayi mai sukari cokali huɗu. Rayuwa ta juya, yabon ne ya ƙi juyawa.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa cikin mata 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, ramammu kuwa kashi 12 ne. Na san wani zai ce mu a Arewa yunwa ce damuwarmu. Da gaskiyarsa, don binciken nan ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. To amma ciwon kai ba ya hana ciwon ciki. Sau da yawa a gida ɗaya za ka tarar da uwa mai ƙiba da ɗa tsumburarre, domin tuwo da taliya da mai suna cika ciki ba tare da sun gina jiki ba.

Kitsen da ya fi haɗari shi ne wanda muka fi yabo, wato na tumbi. Yana taruwa ne a kewayen hanta da hanji, ya sa jiki ya daina jin sinadarin insulin, sukari ya yi ta yawo a jini. Hawan jini ya biyo baya a ɓoye, shekaru ana cewa ai Hajiya lafiyarta ƙalau, dubi jikinta. Ranar da ɓarin jiki ya shanye sai a ce iska ce ta buge ta, ko jifa aka yi mata, a kama zargin kishiya. Gwiwa ta ƙi ɗaukar mai ita a sallah, a ce sanyi ne. Ƙiba mai yawa tana rikita al'adar mace har ta jinkirta haihuwa, in ciki ya samu kuma ta ƙara haɗarin hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga.

Ban ce rama lafiya ce ba. Siriri ma hawan jini na kama shi, kuma rama ba dalili tana iya zama alamar ciwon sukari ko tarin fuka. Ido ne dai bai iya awon ba. Telanka ya fi danginka sanin gaskiya, don shi da tef yake aiki. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ce: zagayen ciki, a auna ɗan sama da cibiya, kada ya kai rabin tsayin mutum. Mai tsayin inci 66 ya tsaya ƙasa da 33.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kasuwar da yabon nan ya buɗe. Budurwa biki ya matso, ƙawaye sun ce ta yi kama da kara, sai ta nufi kemis neman maganin ƙiba, wanda ake wa kirari da "sha ka fashe". Abin da ake miƙo mata galibi biyu ne. Ɗaya cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Ɗaya kuwa dexamethasone, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa don asma da kumburi. Shi ba tsoka yake sawa ba. Ruwa yake tarawa, ya kumbura fuska, ya tura kitse ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance. Yana ɗaga sukari da jini, ya cinye ƙashi, ya raunana garkuwar jiki. Kumburin nan shi ake tafa wa ranar kamu.

Mai kemis ya san ba a sayar da dexamethasone sai da takardar likita, amma ya ƙirga ya zuba a leda. Ba zai kuma gaya mata cewa wadda ta yi makonni tana sha ba ta isa ta daina rana ɗaya ba, domin jiki ya riga ya dakatar da yin nasa sinadarin, yankewa kwatsam na iya faɗar da jini har ta suma ko ta rasa ranta. Sai dai likita ya riƙa rage mata shi sannu a hankali. Wannan bayanin ba ya cikin cinikin, kuma hukumomin da aka ɗora wa sa ido kan sayar da magani sun san inda shagunan suke.