AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manyan ma'aikata da 'yan boko, wadda duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ya sha jin ta har ya gaji. Wai manomin Arewa mutum ne mai taurin kai, ba ya son sabon abu, yadda ya tarar kakansa yana noma haka zai yi ta yi har ya koma ga Mahaliccinsa. Da tumatir ya yi tsada, sai a ce jahilcinsa ne ya jawo. Da an ji warin magani a cikin wake, sai a nuna Bahaushen da ke zaune da mudunsa a kasuwar Bodija ko Mile 12, a ce ga masu ba jama'a guba. To, wannan magana ƙarya ce, kuma tarihi bai mutu ba balle a yi masa ƙazafi.

Lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, auduga Turawa suka sa wa rai, don ita masaƙun Ingila ke bukata. Talakan ƙasar Kano ya auna wahala da riba, ya ga gyaɗa ta fi, ya shuka gyaɗa. Waɗanda suka kai masa labarin farashinta kuwa fatake ne, 'yan goro masu zuwa Gwanja da kurmi, watau kakannin mazauna Sabo na yau. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Garmar shanu da aka fara koya wa manoma a 1928, ga ta nan har gobe daga Katsina zuwa Gwambe. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirye-shiryen raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gwambe da rancen Bankin Duniya, aka kawo ingantaccen irin masara da takin zamani. Masarar da a da ake shukawa bayan gida don yara su gasa, kafin shekara goma ta cika gonakin ƙasar Funtuwa da Zariya. Haka kuma injin ban-ruwa ya kori jigo daga fadamu. Ina taurin kan a nan?

Abin da ya sa waɗannan abubuwa suka karɓu shi ne akwai mutum tsakanin manomi da masu bincike, watau malamin gona. A zamanin da shirye-shiryen nan ke da rai, malamin gona yana da babur, yana da ƙauyukan da aka ɗora masa, yakan zagaya su duk mako biyu, shi ma kuma duk mako biyu a tara su a ƙara musu sani. Yakan yanki 'yar kusurwa a gonar manomi ya shuka sabon iri kusa da tsoho, ran girbi maƙwabta su zo su auna da idonsu. Gani ya kori ji. Da kuɗin Bankin Duniya suka janye a tsakiyar shekarun 1990, sai jihohi suka saki abin ya faɗi. Babura suka mutu ba a sake su ba, tsofaffin malamai suka yi ritaya ba a ɗauki madadinsu ba, waɗanda suka rage kuwa ba kuɗin mai, sai zaman ofis da jiran albashi. Yanzu a wurare da yawa malami guda ke riƙe da gidajen manoma dubbai. Ko da aljani ne ba zai gama su ba.

Da malami ya ɓace, mai shagon maganin ƙwari ya gaji kujerarsa. Shi ne likita, shi ne mai ba da fatawa, alhali abincinsa yana ga yawan kwalaben da ya sayar. Ga kuwa abin da wannan ya haifar. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, amma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenta, saboda an sami maganin nan irin na fiya-fiya ya wuce kima a cikinsa, aka kuma yi ta sabunta hanin shekara da shekaru. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni. Madalla da hani, amma wa ya je rumbu ya nuna wa mai wake abin da zai yi a madadinsa?

Abin takaicin shi ne maganin matsalar yana nan tun tuni. Akwai buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ana ma yin sa a Kano. Leda biyu masu kauri ne a cikin buhun saƙa. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane baki dabam, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, ba ɗigon magani ko ɗaya. Haka nan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke aiki tun 1922, ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda aka yi wa gyaran halitta don ya jure wa tsutsar da ke huda kwanso, har feshi ya ragu daga sau shida ko takwas zuwa biyu. Manomi yana da haƙƙin a yi masa bayanin wannan iri filla-filla, ya karɓa ko ya ƙi da saninsa. Amma ilmi yana Samaru a kulle cikin kabad, manomi yana ƙauye yana zuba guba, ɗan'uwansa yana Ikko yana shan zagi.

Haka aka yi da tumatir a 2016, sa'ad da tsutsar nan mai cin ganye ta cinye gonakin Kadawa da na Jihar Kaduna cikin 'yan makonni, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Masana sun san tsutsar, sun san ta ratsa Turai da Arewacin Afirka shekaru kafin nan. Manoma dai sai ganin ganye suka yi yana ƙonewa, suka yi ta feshin maganin da ba ya kashe ta, bashi ya hau kansu, dillalan Mile 12 suka wuni suna kallon hanya.

Masu kare gwamnati za su ce zamani ya sake, yanzu akwai wayar salula, ai tun 2012 aka fara aika wa manoma saƙon taki ta waya. Gaskiya ne waya ta yi rana wajen sanin farashi da hasashen damina. Amma waya ba ta juya ganye ta ga ƙwan tsutsa, ba ta damƙar ƙasa ta ji laimarta, saƙon da aka rubuta da Turanci kuwa bai amfana wa wanda karatunsa ajami ne komai ba. Za su kuma ce ba kuɗi. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafi don aikin gona, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Kuɗin da ake samu yakan tafi ga kwangilar taki da taraktoci, domin a nan ake yanka, a nan ake ɗaukar hoto. Albashin malamin gona ba shi da la'ada, shi ya sa ba shi da uban gida.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kasuwar da ya san fiya-fiya guba ce, ya yayyafa wa waken da 'ya'yan mutane za su ci, ya ci amanar Allah da ta sunan Arewa, kuma wajibi ne Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su hukunta shi tun kafin hukuma ta zo. Mazauna kurmi ba 'yan kallo ba ne a wannan sha'ani. Su ke sayen amfanin, su ke aika kuɗin taki gida kowace bazara. Ƙungiyoyinsu suna iya ɗaukar alkawarin ƙara farashi ga waken da aka adana ba magani, da tumatirin da ya zo cikin akwatin roba maimakon kwandon da ke matse shi ya ruɓe a hanya. Manomin da ya ga riba ba ya jiran a roƙe shi, kamar yadda aka gani a 1912.

Sa'an nan duk ɗan siyasar da ya zo Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun neman goyon baya, a tare shi da tambaya tun bai zauna ba: malaman gona nawa jiharsa ta ɗauka aiki bana, mata nawa ne a cikinsu da za su iya shiga gidajen kulle, kuma nawa ne ke da babur mai tafiya? In ya kasa amsawa, a sallame shi ya koma ya ƙidayo. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kuma ganar da shugabanni.