Gaton biki a kotun ƙolin Amurka: iyakar da ɗan ci-rani mai shago ya kamata ya sani

A watan Yulin 2012 wasu maza biyu, Charlie Craig da David Mullins, suka shiga shagon Masterpiece Cakeshop da ke garin Lakewood a jihar Colorado ta Amurka, suna neman a haɗa musu gaton bikin aurensu. Mai shagon, Jack Phillips, Kirista ne mai riƙo da addini. Ya ce musu zai sayar musu da gaton ranar haihuwa ko biskit, amma ba zai yi gaton auren jinsi ɗaya ba. Mutanen suka kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar, kuma sai da aka yi kusan shekara shida ana shari'a.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Ga ɗan Nijar da ke riƙe da gidan abinci a Bronx, ko matar da ke kitso a Harlem, ko direban taksi a Greensboro, maganar ta shafi lasisin sana'a da abincin iyali. Galibinsu Musulmi ne, addininsu bai yarda da auren jinsi ba, kamar yadda cocin Phillips bai yarda ba. Shi ya sa da dama ke ɗaukar nasarar irin su Phillips a matsayin tasu. Akwai gaskiya a ciki, amma nasarar ba ta kai faɗin da ake ba ta ba, kuma gara da ba ta kai ba.

Ranar 4 ga Yunin 2018 kotun ƙoli ta ba Phillips gaskiya da rinjayen alƙalai 7 a kan 2. Sai dai alƙali Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, bai ce mai shago na da ikon korar masu auren jinsi ba. Abin da kotu ta kama shi ne hukumar Colorado ta nuna ƙyamar addinin mutumin yayin sauraron ƙarar. Wata mamba a hukumar ta kwatanta fakewa da ƴancin addini da yadda aka halatta bauta da kisan Yahudawa. Hukumar kuma ta wanke wasu masu gato uku da suka ƙi rubuta saƙon sukar auren jinsi, alhali ta hukunta Phillips. Ke nan alƙalancin son kai aka rushe, dokar hana wariya ta Colorado tana nan daram.

Sai ranar 30 ga Yunin 2023 kotun ta taɓa ainihin maganar, a shari'ar Lorie Smith, mai tsara shafukan intanet a wannan jiha. Alƙalai 6 a kan 3 suka ce gwamnati ba ta da ikon tilasta mata tsara shafin bikin auren da ya saɓa wa imaninta. A lura da hujjar da aka kafa: ƴancin faɗar albarkacin baki ne, ba ƴancin addini ba. Ɓangarorin biyu sun amince tun farko cewa aikin Smith saƙo ne da take ƙirƙira, kuma a shirye take ta yi wa kowane irin mutum aiki muddin saƙon bai ci karo da aƙidarta ba.

Kotun ƙolin Birtaniya ta riga ta shata wannan iyaka, kuma ta fi fito da ita fili. A 2014 shagon Ashers da ke Belfast ya ƙi yi wa Gareth Lee gato mai ɗauke da rubutun goyon bayan auren jinsi. A watan Oktoban 2018 alƙalai biyar suka haɗu a kan cewa shagon bai yi wariya ba, domin da wani ne ma ya zo da wannan rubutu, da an ƙi masa. Ita dai wannan kotu ce a 2013 ta kayar da wasu ma'aurata Kiristoci masu masaukin baƙi a Cornwall, waɗanda suka hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya. Masu masaukin sun ƙi mutum, masu gaton sun ƙi rubutu, kuma hukuncin ya bi wannan bambanci.

Iyakar nan ita ce daidai, kuma tarihin Amurka kansa ya nuna dalili. A Greensboro ɗin nan da ƴan Nijar suka yi sansani a yau, ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai baƙar fata huɗu suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth, aka ƙi ba su ko kofi. Irin wannan gwagwarmaya ce ta haifar da dokar haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wa otel da gidan abinci korar mutum saboda launin fata, addini ko ƙasar asali. Bayan dokar, wani mai gidajen gasa nama a South Carolina, Maurice Bessinger, ya ce addininsa ya hana shi cakuɗa farare da baƙaƙe. A 1968 kotun ƙoli ta ɗauki wannan hujja a matsayin maganar da ba ta da tushe ko kaɗan. Da an yarda cewa kalmar “addinina” kaɗai ta isa a rufe wa abokin ciniki ƙofa, da baƙar fata Musulmi mai lafazin Afirka yana cikin waɗanda za su fara kwana a waje.

Wannan doka ta 1964 ce kuma ta tsaya wa Samantha Elauf, yarinyar da kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka aiki a 2008 saboda ɗankwalinta; a 2015 kotun ƙoli ta ba ta gaskiya da 8 a kan 1. Musulmi ƴan tsiraru ne a Amurka, kuma ɗan tsiraru ya fi kowa buƙatar dokar da ta ce kasuwa ta kowa ce. Ba zai yiwu ya so ta ran da ta kare matarsa mai hijabi, ya ƙi ta ran da ta kare wanda ba ya son salon rayuwarsa ba.

An ma taɓa gwada Musulmi a ɗaya gefen. A filin jirgin saman Minneapolis, direbobin taksi da yawa ƴan asalin Somaliya sun riƙa ƙin ɗaukar fasinjan da ke riƙe da kwalbar giya. A 2007 hukumar filin ta kafa horo: dakatarwar kwana 30 a karon farko, janye lasisi na shekara biyu a karo na biyu. Direbobin sun je kotu ba su yi nasara ba. Kai mutum gida ba sa hannu ba ne a kan abin da ke cikin jakarsa.

Amma masu cewa duk wanda ya buɗe shago ya ajiye imaninsa a bakin ƙofa su ma sun wuce gona da iri. Alƙali Neil Gorsuch, a hukuncin 2023, ya kawo misalin Musulmi mai shirya fim da za a tilasta wa yin fim mai yaɗa aƙidar Sahyoniyanci don kawai yana karɓar kuɗi a aikinsa. A sauko da misalin ƙasa: mai buga riguna a Bronx da aka kawo wa zanen ɓatanci ga Annabi, ko mai ɗab'in takardu ɗan luwaɗi da aka nemi ya buga takardar tsine wa irinsa. Babu wanda ya kamata hukuma ta riƙe masa hannu ya rubuta abin da zuciyarsa ta ƙi. Kariyar da ta fitar da Lorie Smith ita ce za ta fitar da su biyun.

Inda gizo ke saƙar shi ne gane mene ne saƙo. Alƙaliya Sonia Sotomayor, wadda ta ƙi amincewa da hukuncin 2023, ta yi kashedin cewa an buɗe wa masu sana'a hanyar ƙin wani rukunin jama'a, kuma tsoronta ba na banza ba ne, domin kusan kowane mai aikin hannu zai iya kiran kansa mai fasaha. Barronelle Stutzman, mai sayar da furanni a jihar Washington, ta yi wannan da'awa ta faɗi a kotun ƙolin jiharta har sau biyu; a 2021 ta biya dala 5,000 ta sasanta, ta yi ritaya. Hatta gaton Phillips, har yau kotun ƙolin ƙasa ba ta ce saƙo ne ko abinci ba.

Saboda haka sana'o'in da ƴan Nijar suka fi yi suna gefen da doka ba ta ba da uzuri. Farantin shinkafa, kujerar taksi, hayar zauren taro, kayan kanti: babu hukuncin kotun ƙoli da ya ce waɗannan magana ce. Kitson amarya, zanen lalle da ɗinkin kayan biki suna tsakiya, kuma wanda ya ƙi yinsu yana iya zama shi ne za a gwada dokar a kansa, da kuɗin lauyan da ƙaramin shago ba ya iya ɗauka. Phillips da Smith sun samu wata babbar ƙungiyar lauyoyin Kirista, Alliance Defending Freedom, ta tsaya musu shekara da shekaru.

Sannan dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Sashen dokar tarayya ta 1964 da ya shafi otel da gidan abinci bai ambaci masu neman jinsi ɗaya ba. Jihohi fiye da 20 ne, ciki har da New York, Colorado da California, suka saka su a nasu dokokin, wasu birane kuma suna da tasu ƙa'idar ko da jihar ba ta da ita. Mai shirin buɗe shago a can ya tambayi abin da dokar jiharsa da ta birninsa suka ce tun ranar da zai karɓi lasisi, kafin abokin ciniki na farko ya turo ƙofa.